Inda Zarto Ya Yi Shiru

Kafin a rataya jan fitila a rufin nan,
kafin a shafa wa ƙofar suna da fenti,
gidan yankan katako ne, bayan layin dogo, gefen Asawase.
Motocin gungume na shigowa da asuba,
laka har wuyan taya,
ɗauke da odum da maɗaci
da wani farin itace da Asantawa ke kira wawa.
Kakana Mumuni ya ce sunan ya dace:
duk wanda ya bar daji ya biyo mota birni, ai shi ne.
Yana faɗa yana dariya,
don shi ma a bayan mota ya zo Kumasi.

Shekara ashirin da shida yana tura gungume bakin zarto.
Jiniya ce ke tashinsa, ladan ya same shi a hanya.
Garin katako a gira, garin katako a aljihu,
har cikin kokon safe.
Wata Laraba zarto ya karɓi zakkarsa,
yatsu biyu na hannun dama.
Opanin Boakye, shugaban leburori,
ya yage rigarsa ya ɗaure masa,
sannan ya buɗe littafi ya rubuta: rabin yini.
Kunnuwan kuwa ba rana ɗaya suka tafi ba.
Kaɗan-kaɗan suka narke,
kamar gishirin da aka manta a waje da damina.

Daji ya ja da baya, gungume ya yi tsada.
Mai kamfani ya ce zai je ya dawo.
Kwaɗo ya yi tsatsa yana jiransa.
Jemagu suka kama haya ba ko kwabo,
'yan gwangwan suka kwance injin ƙusa-ƙusa,
wani fasto ya zo da ganga da alkawari,
rufi ya yi masa yoyo, ya kwashe bencinansa.
Mu yaran Aboabo muka samu filin ƙwallo mai inuwa.

Sai Frimpomaa ta zo da tsintsiya goma da bashin banki.
Aka yi mata dariya har Alabar.
Wata bakwai muna kwasar kashin jemage.
Ramin da ake zuba garin katako, shi muka rufe ya zama dandamali.
Ni aka ba wa wayoyi da lasifika,
ni ke cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu,
a ɗakin da kakana ya ƙirga yatsunsa ya samu takwas.

Daren Asabar ɗin nan na kawo shi.
Ya ƙi kujera.
Rahina ta ɗora goge a cinya tana ja,
kalangu na gardama da manyan gangunan Asante,
wani yaro daga Tafo na hura ƙaho har jijiyar wuya ta tashi.
Kakana bai ji ko ɗaya ba.
Ya dubi bakuna na motsi, ya dubi ƙafafu,
ya taka a hankali zuwa ginshiƙin ƙarfe na uku,
wanda ya sani,
ya ɗora hannun nan mai yatsu uku.

Na ga kafaɗarsa ta amsa.
Na ga yatsun sun fara ƙwanƙwasa ƙarfe,
ɗaya na jiran biyun da babu.

Duk sanda babbar ganga ta faɗi,
wani abu na zubowa daga sama, siriri, cikin hasken fitila.
Shara bakwai ba ta kai can ba.
Ya sauka a hularsa, ya shafo, ya sansana.
Ya juyo gare ni da muryar kurma,
wadda ta fi lasifikata ƙarfi:
"Wa ya gyara injin?
A zamaninmu ba ya tafiya daidai haka!"